Mamman Shata: Ɗan tallan goron da ya kai kalangu fada da jami'a

A ranar Juma'a, 18 ga watan Yunin 1999, makonni uku bayan sojoji sun miƙa mulki ga farar hula a Najeriya, Allah Ya yi wa Alhaji Dokta Mamman Shata Katsina rasuwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke Kano, yana da kimanin shekara 76 a duniya. Ba a kai gawarsa Musawa inda aka haife shi ba, ba a kuma kai ta Funtuwa inda ya shafe kusan shekara 40 yana zaune ba. Daura aka nufa da ita, garin babban ubangidansa, Sarki Muhammadu Bashar, wanda ya halarci jana'izar da kansa.

Duk wanda ya san matsayin maroƙi a ƙasar Hausa a zamanin da Shata ya taso zai gane nauyin wannan al'amari. Yaron da mahaifinsa ya so ya hana shi waƙa don gudun abin kunya, shi ne a ƙarshe sarki mai daraja ta ɗaya ya tsaya a kan kabarinsa, bayan jami'a mafi girma a Arewa ta riga ta sanya masa rigar digirin girmamawa. Tarihin Shata, a taƙaice, tarihin yadda aka yi wannan doguwar tafiya ce, da kuma abin da ta sauya a idon Bahaushe game da kiɗa da makaɗi.

Haihuwa da tasowarsa

An haifi Muhammadu, wanda aka fi sani da Mamman, a shekarar 1923 a garin Musawa da ke ƙasar Katsina, a zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. Sunan mahaifinsa Ibrahim Yaro, mahaifiyarsa kuma Lariya, kuma ta ɓangarorin biyu yana da jinin Fulani. Kamar sauran yaran ƙauye na lokacin, an sanya shi makarantar allo, ya kuma taso yana taimakawa a gona. Bai shiga makarantar boko ba.

Da ya ɗan tasa sai ya kama ƙananan sana'o'i. Ya yi tallan goro, daga baya ya koma tallan alewa yana bin kasuwannin ƙauyuka. A wajen tallan goron ne ya samu laƙabin da ya danne sunansa na yanka. Masu tarihinsa sun ruwaito cewa idan ya sayar da goron, sau da yawa yakan rabar da kuɗin ga mutanen da ya haɗu da su, ya dawo gida hannu rabbana. Saboda wannan hali wani dattijo ɗan uwansu da ake kira Baba Salamu ya riƙa kiransa Mai Shata, har sunan ya bi shi. Kyautar da ta jawo masa laƙabin tun yana yaro ba ta rabu da shi ba har tsufansa, domin an san shi da rabar da abin da ya samu a wajen wasa tun kafin ya kai gida.

Waƙa kuwa a dandali ya fara ta, inda samari da 'yan mata ke taruwa bayan cin tuwon dare ana kiɗan asauwara. A lokacin ba don kuɗi yake yi ba, nishaɗin ƙuruciya ne kawai. Amma ba a daɗe ba muryarsa da saurin haɗa magana suka fifita shi a kan tsaransa, har aka fara gayyatarsa zuwa ƙauyukan da ke kewaye.

Gado da haye

A nan ne ya yi karo da mahaifinsa. A ƙasar Hausa ta wancan zamani sana'a gado ce: ɗan maƙeri ƙira yake yi, ɗan mahauci fawa, ɗan makaɗi kiɗa. Maroƙa kuwa, duk da cewa ba a biki ko suna ko naɗin sarauta sai da su, ana ajiye su ne a ƙasan tsanin daraja, kuma gidaje da yawa ba sa yarda su haɗa aure da su. Ga Bafulatani irin Ibrahim Yaro, noma ko fatauci su ne sana'ar mutunci. A ce ɗansa ya zama maroƙi, alhali babu wanda ya taɓa yin haka a zuriyarsu, abin kunya ne babba. Shata ya nace, ya zama abin da ake kira ɗan haye, wato wanda ya shiga sana'ar da bai gada ba.

Kayan kiɗan da ya ɗauka ma ba na manya ba ne. A tsarin kiɗan Hausa kowane rukuni na jama'a yana da nasa. Tambari da kakaki da algaita na sarauta ne. Taushi da kotso su ne na manyan makaɗan fada, irin su Ibrahim Narambaɗa da ya yi wa Sarkin Gobir na Isa kiɗan kotso, da Salihu Jankiɗi mai taushi a fadar Sarkin Musulmi, da Musa Ɗanƙwairo na Maradun. Waɗannan makaɗa kowannensu yana da ubangida tsayayye da fadar da yake jingine da ita. Kalangu kuwa an fi saninsa da mahauta a ranar kasuwa, da 'yan dambe bayan kaka, da 'yan mata a dandali. Da wannan ganga ta talakawa Shata ya fito, kuma bai sauya ta ba har ƙarshen rayuwarsa.

Rashin gadon da ya zama masa cikas a gida, shi ne ya zama masa 'yanci a waje. Tun da babu fadar da ta mallake shi, babu wanda zai iya hana shi yi wa wani waƙa. Yakan kwana a gidan sarki, gari ya waye yana tashar mota yana wasa direba.

Daga Bakori zuwa Kano

Bayan ya bar talla ya rungumi waƙa gadan-gadan, Shata ya koma Bakori, inda wani ɗan sarautar Musawa mai suna Abdullahi Inde, wanda ke aikin hukumar En'e a harkar sayen auduga da gyaɗa, ya riƙe shi. A Bakori ya yi aurensa na fari, daga nan kuma ya fara fita da ƙungiyarsa ta makaɗa da 'yan amshi zuwa manyan garuruwa, har ya fara taka Kano a ƙarshen shekarun 1940.

Shekarar 1952 ce ta buɗe masa ƙofa. A wannan shekara, a ƙarshen zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, aka yi babban bikin da ake kira bikin 'yan sarki, inda 'ya'yan sarautar Kano goma sha biyu suka yi aure a lokaci guda. Shata ya yi wasa a wajen, a gaban manyan masarauta da attajiran birni, kuma daga ranar sunansa ya wuce na mawaƙin ƙauyukan kudancin Katsina. Kano ita ce cibiyar cinikin gyaɗa da fatauci a lokacin, kuma abin da ya karɓu a Kano ba ya daɗewa bai kai ko'ina ba.

A 1960 ya tare a Funtuwa. Zaɓin garin ya dace da irin sana'arsa. Funtuwa tana kan layin dogon da ya tashi daga Zariya zuwa Gusau da Ƙauran Namoda, tana da masana'antar gurzar auduga, ga ta kuma mahaɗar hanyoyin mota zuwa Zariya da Sakkwato da Katsina da Birnin Gwari. Gari ne na baƙi, na direbobi da dillalan auduga da ma'aikata, mutanen da kuɗi ya fara shigowa hannunsu ba ta hanyar sarauta ba, waɗanda kuma suke son a ambaci sunansu kamar yadda ake ambaton na sarakuna.

Yadda yake waƙa

Kalangu ganga ce mai siririn tsakiya da baki biyu, an rufe kowane baki da fata, an haɗa su da igiyoyi. Makaɗi yana rataya shi a kafaɗa, ya matse igiyoyin a hammata ko ya sassauta, sai sautin ya hau ko ya sauka. Da yake Hausa harshe ne mai karin sauti, gwanin kalangu yana iya sa gangar ta faɗi abin da baki ke faɗa. A ƙungiyar Shata makaɗan su ne kuma 'yan amshi, sannan akwai sanƙira mai jefa kirari da sanar da kyautar da aka yi.

Tsarin waƙar tasa mai sauƙi ne a ido. Akwai gajeren amshi guda wanda 'yan amshi ke maimaitawa ba tare da sauyi ba, shi kuma yana zuba ɗiyan waƙa a kai yadda ya ga dama. Wannan ya bambanta da salon makaɗan fada, inda 'yan amshi ke karɓar baiti daga bakin jagora su ƙarasa, abin da ke bukatar a zauna a tsara waƙa a yi ta bita kafin a fito da ita. Shata ya shahara da ƙirƙirar waƙa nan take. Yakan dubi wanda ke gabansa, ya ji sunansa da garinsu da sana'arsa, ya ba makaɗa amshi, waƙa ta tashi. Shi ya sa da wuya a samu waƙarsa guda da ya rera sau biyu iri ɗaya. Ko Bakandamiyarsa, wadda a cikinta yake wasa kansa da fifita kansa a kan sauran mawaƙa, tana da zubi daban-daban, kowanne da abin da ya ƙara ko ya rage gwargwadon wurin da ya yi ta.

Hausarsa kuma ba ta da wuyar fahimta. Inda wasu makaɗan fada ke amfani da tsofaffin kalmomi da tarihin zuriya da sai masani ke warwarewa, Shata yana magana ne da Hausar kasuwa da tasha, cike da karin magana da habaici da ban dariya, wadda Bakano da Basakkwace da Bazazzagi da mutumin Damagaram duk za su ji ba tare da tafinta ba.

Waɗanda ya wasa

Ya yi wa sarakuna waƙa, kuma a cikinsu babu wanda alaƙarsu ta kai ta Muhammadu Bashar, wanda ya riƙe sarautar Wamban Daura kafin ya zama Sarkin Daura a 1966. Ya wasa Sarkin Kano Ado Bayero, ya wasa hafsoshin soja da manyan ma'aikata da attajirai. Amma abin da ya raba shi da waɗanda suka gabace shi shi ne sauran sunayen da ke cikin jerin. Waƙar Hassan Sarkin Dogarai ta bafade ce mai tsaron sarki, ba ta sarkin ba. Waƙar Umaru Ɗan Ɗanduna na Gwandu ta direba ce, kuma tana cikin waƙoƙinsa da aka fi sani har gobe. Ya yi wa 'yan kasuwa da manoma da mata masu sana'a da 'yan bori. Mutane da yawa da ba su taɓa riƙe sarauta ko muƙami ba, waɗanda da tuni an manta da su, har yau jikokin da ba su san su ba suna jin sunayensu a rediyo.

Bai tsaya ga yabon mutane ba. Ya yi waƙoƙi kan noma da neman ilimi da zaman aure. A lokacin yaƙin basasar Najeriya, daga 1967 zuwa 1970, ya yi wa sojojin tarayya waƙoƙin ƙarfafa gwiwa. Da Amurka ta tura kumbon Apollo 11 zuwa duniyar wata a watan Yulin 1969, Shata ya mayar da labarin waƙa, ta yadda manomin da bai taɓa buɗe jarida ba ya ji abin da ake ciki a duniya da harshensa. Yana kuma da waƙar yabon Annabi (SAW) da ake yawan sanyawa a gidajen rediyo. A gefe guda, yana da kaifin harshe wajen zambo, kuma waƙarsa ta Gagarabadau shaida ce cewa wanda ya shiga gonarsa ba ya fita lafiya. Tsoron bakinsa na cikin abin da ya sa manya ke lallaɓa shi.

Rediyo, faifai da kaset

Shata ya zo daidai lokacin da murya ta fara tafiya ba tare da mai ita ba. Makaɗan da suka gabace shi sai wanda ya je fada ko wajen biki ke jin su. Shi kuwa ya samu faifan garmaho, sannan a 1962 aka buɗe gidan rediyon Jihar Arewa a Kaduna, wanda ake kama shi a nesa ƙwarai. Ƙaramar rediyo mai batir ta shiga ƙauyuka da rugage, daga baya kaset ya zo ya shiga motocin haya da shagunan tela da teburan masu shayi. Ta wannan hanya muryarsa ta kai Maraɗi da Damagaram a Nijar, da zangunan Hausawa a Ghana, da Kamaru da Chadi da Sudan. Shi kansa ya yi yawo a ƙasashen Afirka ta Yamma, ya sauke farali a Makka, ya kuma je Ingila da Amurka.

Waƙoƙinsa sun yi yawan da shi kansa ya sha shaida wa masu hira da shi cewa bai san adadinsu ba. Dalili kuwa a fili yake: mutumin da ke ƙirƙira a wurin biki, a daren da babu na'urar ɗaukar magana, waƙarsa takan ƙare ne tare da bikin.

Suka da siyasa

Rayuwar Shata ba ta rasa abin cece-ku-ce ba. Waƙar da ya yi kan shan giya ta jawo masa suka mai tsanani daga malamai da masu wa'azi, kuma har yau tana cikin abin da ake muhawara a kai idan aka zo maganarsa. Wasu kuma sun zarge shi, kamar yadda ake zargin duk mawaƙin yabo, da wasa mai kuɗi ko da wane hali ne da shi. Masoyansa sukan amsa da cewa bai taɓa ɓoye halinsa ba, bai kuma taɓa kiran kansa malami ba, kuma bakin da ya yi yabo shi ne ya yi gargaɗi da wa'azi a wasu waƙoƙin.

Ya kuma taɓa siyasa da kansa, abin da ba a saba gani ga maroƙi ba. A shekarun 1970 ya ci zaɓen kansila a Ƙaramar Hukumar Kankiya, lokacin tana cikin tsohuwar Jihar Kaduna. A Jamhuriya ta Biyu ya shiga jam'iyyar GNPP ta Waziri Ibrahim, daga baya ya koma NPN. A Jamhuriya ta Uku aka zaɓe shi shugaban jam'iyyar SDP na Ƙaramar Hukumar Funtuwa, amma bai kai ƙarshen wa'adinsa ba aka tsige shi bayan saɓani da manyan jam'iyyar a Jihar Katsina. Mutumin da bai yarda wata fada ta mallake shi ba, da wuya ya zauna lafiya a ƙarƙashin iyayen gidan siyasa.

Daga dandali zuwa jami'a

Tun yana da rai masana suka fara nazarinsa. A 1975 Ɗandatti Abdulƙadir, wanda daga baya ya zama Shugaban Jami'ar Bayero ta Kano, ya kammala digirinsa na uku a Jami'ar Indiyana ta Amurka da bincike kan matsayin mawaƙin baka a al'ummar Hausa da Fulani, inda ya ɗauki Shata a matsayin abin misali. Bayansa ɗalibai masu yawa a sassan nazarin Hausa sun rubuta kundaye kan waƙoƙinsa. Gwamnatin Tarayya ta ba shi lambar girmamawa ta ƙasa ta MON, sannan a 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dokta. Daga nan kalmar Dokta ta manne wa sunansa, har a bakin waɗanda ba su san me ake nufi da ita ba.

Wannan karramawa ta wuce shi kaɗai. Ta nuna cewa abin da ake yi wa kallon roƙo adabi ne da ya cancanci a zauna a karanta shi, kuma mawaƙan da suka biyo baya, na gargajiya da na zamani, sun ci moriyar mutuncin da ya samar wa sana'ar. Matashin da yau yake gaya wa iyayensa yana son zama mawaƙi, ko da an ƙi, ba irin ƙin da aka yi wa ɗan Ibrahim Yaro ba ne.

Rashin lafiya da rasuwa

A shekarunsa na ƙarshe rashin lafiya ya rage masa fita. An kwantar da shi a Kano, an kuma kai shi Jidda ta ƙasar Saudiyya inda aka yi masa aiki, ya ɗan samu sauƙi ya dawo gida. Daga baya ciwon ya sake tashi, aka mayar da shi asibiti a Kano, inda rai ya yi halinsa. Ya bar mata uku da 'ya'ya da jikoki da dama. Sarki Muhammadu Bashar, wanda ya karɓi gawarsa a Daura, ya rayu bayansa har zuwa 2007.

Abin da ya bari

A 2006 aka wallafa littafin tarihinsa mai suna Shata Ikon Allah, wanda Ibrahim Sheme ya jagoranci rubutawa tare da Yusuf Tijjani Albasu da Aliyu Ibrahim Ƙanƙara da Ali Malami. Gidajen rediyo a Arewa har yanzu suna ware masa shirye-shirye, kuma ƙungiyoyin masoyansa suna musayar waƙoƙinsa a wayoyin hannu da shafukan sada zumunta, suna bin diddigin waɗanda ya wasa da dalilin kowace waƙa.

Sai dai gadon nasa yana cikin haɗarin da ba kowa ke lura da shi ba. Shata bai rubuta waƙoƙinsa ba. Abin da ya rage yana warwatse ne a tsofaffin faya-fayan gidajen rediyo, da kasusuwan da ke hannun ɗaiɗaikun mutane, kuma zaren kaset ba ya jure zafi da ƙura da damina har abada. Makaɗan da suka yi yawo da shi da dattawan da suka halarci wasanninsa, waɗanda su ne za su iya cewa wane ne wannan da aka ambata, a wane gari, a wace shekara, suna ta raguwa. Idan waƙa ta tsira amma labarinta ya ɓace, rabinta ne ya tsira. Tattara waɗannan muryoyi wuri guda, a mayar da su na'urorin zamani tare da bayaninsu, aiki ne da ke jiran jami'o'i da gidajen rediyo da hukumomin raya al'adu na jihohin Arewa, musamman Katsina da ya ɗauki sunanta ya kai duniya.

A cikin waɗannan faya-fayai akwai sunayen direbobi da dillalai da dogarai da matan da babu littafin tarihin da ya ambace su, akwai garuruwa da kasuwanni da hanyoyin mota kamar yadda suke a tsakiyar ƙarnin da ya wuce. Allah Ya jiƙan Alhaji Mamman Shata, Ya gafarta masa kurakuransa.